Na Soma Ɗaga Shingen Gidana a Texas, Ƙungiyar Unguwa Ta Ce In Dakata: Ina Mafita?

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da na fahimta daga saƙonka shi ne: ka sayi gida a wata unguwa da ke gundumar Fort Bend, kusa da Houston. Guguwar Beryl ta watan Yulin 2024 ta karya shingen katakon da ke bayan gidan, aka yi masa faci, yanzu ka ɗauko kafinta ya sake shi, ka ce ya kai shi ƙafa 8 domin iyalinka su sami sutura, har kana tunanin mayar da ɓangare ɗaya na bulo. Ka kuma kafa ginshiƙan rumfa a bayan gida. Ana cikin aiki sai ga wasiƙa daga ƙungiyar masu gidajen unguwar, wadda suke kira HOA, cewa ka yi gyara ba da izini ba. Tambayarka ita ce, da wane iko za su hana mutum gyara gidan da ya saya da guminsa, kuma me ya kamata ka yi yanzu.

Sana'ata zanen gine-gine ce, na shirya wa mutane irin wannan takardar neman izini ba adadi, na kuma yi zama a kwamitin duba gini na unguwarmu. Ni ba lauya ba ne, kuma zan nuna maka inda ya kamata lauya ya shigo.

Abu na farko, tsayar da aikin yau ɗin nan. Ka sallami kafinta da haƙƙin abin da ya yi, ka ce za ka neme shi. Kada ka ƙara ko ƙusa ɗaya, amma kada kuma ka yi gaggawar rushe abin da aka kafa, domin yana yiwuwa wani ɓangarensa ya tsira. Sannan ka ɗauko wasiƙar ka duba ranar da aka aiko ta. Daga wannan ranar kwanakinka suke ƙirguwa, ba daga ranar da ka buɗe ambulan ba.

Batun iko kuwa, gaskiyar ba ta da daɗin ji, amma gara ka ji ta daga bakin ɗan'uwanka. Tun kafin a kafa tubalin farko a unguwar, kamfanin da ya yanka filayen ya rubuta kundin sharuɗɗa ya kai ofishin rajistar filaye na gunduma aka ajiye. Shi ne suke kira CC&R. Waɗannan sharuɗɗa a jikin filin suke, ba a jikin mutum ba. Duk wanda ya sayi gidan ya saye shi da su, ko ya karanta ko bai karanta ba. Ranar da ka zauna a ofishin kammala ciniki ana miƙo maka takardu kana sa hannu ɗaya bayan ɗaya, har hannunka ya gaji, akwai wadda ta sanar da kai cewa gidan yana ƙarƙashin ƙungiya. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, haka kotu za ta ɗauke ka. Ba kai kaɗai ba ne, sama da mutum miliyan 70 ne a Amurka ke zaune a ƙarƙashin irin wannan tsari. A yankin Houston abin ya fi ƙarfi, domin birnin ba shi da dokar kasa unguwanni zuwa na zama da na kasuwanci kamar sauran manyan biranen ƙasar. Sau uku aka kai maganar gaban masu zaɓe, a 1948 da 1962 da 1993, suna ƙi. Sharuɗɗan da ke jikin takardun filaye su ne suka cike wannan gurbi, shi ya sa ake riƙe da su da hannu biyu.

Mutanenmu sukan rikice a wuri ɗaya. A gida, idan za ka yi gini a Kano, hukuma guda ka sani, KNUPDA, in ta buga hatimi shi ke nan. A nan ƙofa biyu ce. Akwai izinin birni ko gunduma, wanda ke duba ko ginin zai tsaya, ko wayar wuta ba za ta tada gobara ba. Akwai kuma izinin ƙungiya, wanda ke duba kamanni da tsayi da launi da wurin da aka kafa abu. Samun ɗaya ba ya wadatar da kai daga ɗayan. Na sha ganin mutum ya zo yana kaɗa takardar izinin birni a gaban kwamiti, yana ganin magana ta ƙare, alhali ko farawa ba a yi ba.

To amma ga abin da nake so ka riƙe fiye da komai. Igiyar da ta ɗaure ka ita ta ɗaure su. Kwamitin ba sarki ba ne. Maƙwabtanka ne, galibi mutum uku ko biyar, masu aikin sa kai, wani lokaci kuma ma'aikacin kamfanin da ƙungiya ta ɗauka ya riƙa gudanar mata da harkoki. Ba su da ikon da ya wuce abin da aka rubuta. Dokar Texas ma ta ce duk wata ƙa'idar ƙungiya ba ta aiki sai an shigar da ita rajistar gunduma. Don haka makaminka shi ne karatu. Ka nemi kundin sharuɗɗan, ka nemi littafin ƙa'idojin gini da ke biye da shi, wanda shi ne ke faɗin tsayin shinge da irin katako da launin fenti, ka kuma ɗauko taswirar safiyo ta filinka da aka ba ka lokacin ciniki. Ka zauna da biro bayan sallar isha'i ka ja layi a ƙarƙashin abu huɗu: tsayin da aka yarda, kayan da aka yarda, tazarar da za a bari tsakanin gini da iyakar fili, da kuma kwanakin da aka ba kwamiti ya amsa. Wannan na ƙarshe ka karanta shi sau biyu. A wasu unguwanni an rubuta cewa idan kwana 30 suka wuce kwamiti bai ce komai ba, an amince ke nan. A wasu kuwa shirun yana nufin an ƙi. Mutane da yawa sun ji na farkon a bakin abokinsu da ke wata unguwa, suka dogara da shi, alhali tasu takardar na biyun ta faɗa.

Bari in nuna maka yadda zaman kwamiti yake, don ka san wa kake rubuta wa. Mutum uku ne a kan teburin cin abinci na ɗayansu da daddare, kowa ya dawo daga aiki a gajiye, ga takardu goma sha wani abu. Aka buɗe ta farko: fallen takarda ɗaya, an rubuta "rumfa a bayan gida, mai kyau", an zana akwati da biro, babu awo, babu komai. Ba wanda zai iya amincewa da wannan, ko da ƙaninsa ne ya kawo, domin ba a san me aka amince da shi ba. Aka buɗe ta biyu: kwafin taswirar safiyo, an ɗora rumfar a kai da jan biro, an rubuta ƙafa nawa take daga shingen baya, ƙafa nawa daga na gefe, ga tsayinta, ga hoton bayan gidan yadda yake a yau, ga sunan launin fentin da lambarsa, ga kibiya da ke nuna inda ruwan indararo zai bi. Wannan minti biyar ba ta kaiwa an sa mata hannu. A abin da na gani da idona, yawancin takardun da ake mayarwa ba don an ƙi aikin ba ne, don ba a gane shi ba ne.

Yanzu shingen, wanda na san shi ne ya fi damun ka, kuma ina tare da kai a kan dalilin. Mu mun tashi a gidajen da zaure ke tare idon baƙo, katanga ke rufe tsakar gida, mace ta yi shanya ta yi girki ta zauna da 'ya'yanta ba tare da ta ɗauko mayafi ba. Ba ƙaramin abu ba ne a ce uwargida ba za ta iya fita bayan gidanta ta sha iska ba sai ta yi shiri kamar mai zuwa kasuwa. Bukatarka halattacciya ce, kada wani ya sa ka ji kunyarta.

Sai dai ka raba bukata da hanyar biyan ta. Bukatar ita ce sutura. Ƙafa 8 da bulo hanya ɗaya ce kawai, kuma ita ce mafi wuyar samu. Yawancin unguwannin yankin ƙafa 6 suka yanka wa shingen katako, wasu su ƙyale ɗan ƙari saboda katakon da ake shimfiɗawa a ƙasa don kare ruɓewa. A 2021 majalisar jihar ta yi doka cewa ƙungiya ba za ta hana mai gida kafa kayan tsaro ba, irin su kyamara da shingen kewaye, amma dokar ta bar wa ƙungiya ikon faɗin irin shingen. Saboda haka kada wani ya ce maka wannan doka ta ba ka lasisin katangar bulo.

Ni ko da an ba ka izinin bulon ma, zan ce ka sake tunani. Ƙasar Houston laka ce mai kumbura da damina ta tsuke da rani. Katangar bulo da ba a yi mata tushe mai zurfi da rodi ba, shekara kaɗan za ka ga ta tsage ta karkata. Ga kuma hurumin kamfanonin wuta da gas da ruwa, wanda a gidaje da yawa yake bin layin baya na fili, za ka gan shi a taswirarka an ja shi da ɗigo-ɗigo. Ranar da suke bukatar tono, abin da ka gina a kai zai iya tafiya, kuma asarar taka ce. Uwa uba ruwa. An tsara filayen ne yadda ruwan sama zai gangara ta gefen gidaje ya fita titi. Katanga mai toshe ƙasa tana iya mayar da shi gidan maƙwabci, kuma mutanen da suka ga ambaliyar guguwar Harvey a 2017 ba sa wasa da maganar ruwa ko kaɗan.

Sannan ka tsaya a tsakiyar bayan gidanka ka ɗaga kai. Idan gidan da ke bayanka bene ne, tagar sama tana kallon tsakar gidanka ko shingen ƙafa 6 ne ko 8. Ƙarin ƙafa 2 ba zai rufe ta ba. Abin da ke rufe ta shi ne rufi a kan wurin zama, da itatuwa. Shi ya sa nake gaya wa mutanenmu su sa ƙarfinsu a rumfar, ba a shingen ba. Ka nemi shinge a tsayin da aka yarda, amma a jera katakon yana hawa kan juna yadda ba za a bar tsaga ba ko bayan ya bushe ya tsuke. Ka dasa itatuwa marasa zubar da ganye a layin da tagar ke kallo, ka bar musu tazara daga shinge da hurumin kamfanoni. A gefen rumfar da ke fuskantar benen ka sa ragar katako ko labulen waje da ake saukewa a naɗe. Wannan haɗin ya fi katangar suturtawa, ya fi ta araha, kuma kwamiti ya saba ganinsa. In har filinka yana bakin babban titi ne ko yana jingine da wurin kasuwanci, to nan kana da hujjar neman sassauci na musamman a kan tsayi, kuma akan bayar. Ka rubuta dalilin filin, wato hayaniya da fitilun motoci da masu wucewa, ka haɗa da hoto.

Rumfar kuwa, abin da aka fi ƙi shi ne kwanon rufi tsirara da ginshiƙan ƙarfe marasa fenti. Abin da aka fi amincewa da shi shi ne rumfar da in ka kalle ta za ka ɗauka tare aka gina ta da gidan: rufinta irin na gidan kuma launi ɗaya, katakon bakinta fenti ɗaya da na gidan. Akwai wani bawan Allah da na taɓa duba wa aiki, rumfarsa kyakkyawa ce ƙwarai, amma bakin indararon ya fuskanci gefe, tazararsa da shinge ba ta fi taku ɗaya ba. Ruwan farko da aka yi, sai ga ciyawar maƙwabciyarsa ta zama fadama, ruwa kwance har gindin bangonta. Ba kwamiti ne ya gano shi ba, ita ce ta kai ƙara, kuma tana da gaskiya. Bututu ɗaya da zai kai ruwan gaba zuwa titi, da an sa shi a zane tun farko, da ba a yi watanni ana musayar wasiƙu ba. Tun ran gini, ran zane.

Ka ce akwai gida a layinku mai shinge da ya fi ƙafa 6. Yana iya zama an ba shi sassauci a rubuce, ko an yi shi tun zamanin da kamfanin ginin ke riƙe da unguwar, ko kuma shi ma yana karɓar wasiƙa ba ka sani ba. Gida ɗaya ba ya soke doka. Idan gidaje ne da yawa aka ƙyale shekara da shekaru sai kai aka tare, wannan magana ce mai nauyi, ka ɗauki hotuna daga kan titi ka ajiye. Ka kuma ce shugaban ƙungiyar ya gan ku kuna aiki ya ɗaga hannu ya ce ba komai. Malam, wannan ba izini ba ne. Gobe zai iya cewa bai tuna ba, ko ya sayar da gidansa ya koma wata jiha. A unguwar da ta haura filaye 40 ma, dokar 2021 ta raba kwamitin duba gini da shugabannin ƙungiya, don shugabannin su zama wurin ɗaukaka ƙara. Abin da ba a rubuta aka sa hannu ba, ka ɗauka ba a faɗa ba.

Haƙƙoƙinka a Texas suna babi na 209 na dokar kadarori ta jihar, kuma suna da ƙarfi. Kafin a ci ka tara dole a aiko maka da sanarwa a rubuce, a faɗi laifin, a ba ka lokacin gyarawa idan abu ne mai gyaruwa, kuma kana da kwana 30 daga ranar aikowa ka nemi a saurare ka. Idan ka miƙa takardar neman izini aka ƙi, a irin unguwar da na ambata dole a rubuta maka dalili dalla-dalla, da canjin da in ka yi za a amince, in akwai. Nan ma kana da kwana 30 ka ɗaukaka ƙara zuwa shugabannin, su kuma su zauna da kai cikin kwana 30 da samun bukatarka, su sanar da kai ranar zaman aƙalla kwana 10 kafin ta zo. Ƙungiya ba ta da ikon sa a yi gwanjon gidanka a kan bashin da tara ce zalla. Amma kada wannan ya sa ka yi sakaci da kuɗin ƙungiya na shekara don fushi, domin shi wannan bashin yana iya kai gida gwanjo. Idan kuma aka je kotu ka faɗi, ana iya umartarka ka rushe, a ɗora maka kuɗin lauyansu, kuma doka ta ba alƙali damar yanka diyya har dala 200 a kan kowace rana ta saɓawa. Ko ba a je kotu ba, ranar da za ka sayar da gidan ƙungiya za ta fitar da takardar shaida ga mai saye, kuma saɓawar da ta sani za ta fito a ciki.

Akwai abubuwan da ba su da ikon hana ka kai tsaye, tunda ka ce kana da su a rai. Dish ɗin tauraron ɗan adam da faɗinsa bai wuce mita 1 ba, ƙa'idar hukumar sadarwa ta tarayya ta 1996 ta kare shi. Farantan sola dokar jiha ta kare su, ko da yake za ka nemi izini kuma suna iya magana a kan wurin da za a ɗora. Alamar addini a gidanka, kamar rubutun Bismillah a ƙofa, ita ma an kare ta, an ma faɗaɗa kariyar a 2021. Idan Hajiya mahaifiyarka ta zo zama kuma tana amfani da keken marasa lafiya, gangaren da za ka yi mata a bakin ƙofa yana ƙarƙashin dokar tarayya ta adalci a gidaje ta 1968, wadda aka ƙara wa kariyar masu nakasa a 1988. Kai za ka biya aikin, amma ba za a ƙi shi don bai yi kyau a ido ba.

Ka yi shaguɓen cewa ko don an ga hula da hijabi ne. Ba zan ce maka hakan ba ya faruwa ba. Irin waɗannan sharuɗɗa na jikin fili an taɓa amfani da su a fili wajen hana baƙar fata sayen gida, sai a 1948 Kotun Ƙoli ta hana kotuna tilasta su. Dokar 1968 ta haramta bambanci saboda launi ko addini ko ƙasar asali, kuma kana da shekara ɗaya ka kai koke ma'aikatar gidaje ta tarayya. Amma a halin da kake ciki, ka fara aiki ba izini, kuma wasiƙar da aka aiko maka ita za a aika wa kowa. Kada ka buɗe da wannan zargi. Ka cika takardarka tsaf. Idan aka ƙi maka abin da aka amince wa wasu iri ɗaya sak, a lokacin ne za ka ɗauki fayil ɗinka ka tafi wurin lauya mai harkar gidaje. Haka nan idan wasiƙa ta gaba daga ofishin lauyansu ta fito, kada ka amsa da kanka.

A makon nan ka rubuta musu gajeriyar amsa, ba faɗa ba kuma ba roƙo ba: ka sami wasiƙarsu mai kwanan wata kaza, ka tsayar da aiki, za ka miƙa cikakkiyar takardar neman izini zuwa rana kaza, kana neman a dakatar da tara har a yanke hukunci, kuma kana neman a saurare ka. Ka aika ta imel da kuma wasiƙa mai rajista, ka ajiye rasit. Ka raba bukatun gida biyu, shinge daban rumfa daban, don kada matsalar ɗaya ta riƙe ɗayan. Kafin ka miƙa, ka ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabtan da kuke tarayya a shingen, ka nuna musu zanen, ku daidaita wanda fuskar katakon mai kyau za ta kalla da ko za su sa hannu a kuɗin. Ginshiƙan shingen da aka riga aka kafa, in dai suna kan iyaka daidai, kafinta zai iya yanke kansu su dawo tsayin da aka yarda, ba sai an tono su ba. Na rumfar kuwa ka auna su da taswira tukuna, domin in sun shiga tazarar da aka hana ko hurumin kamfanoni, sai an matsar da su. Ranar da izini ya fito a rubuce, ka duba wa'adin da aka ba ka na gama aiki, ka ba kafinta kwafin zanen da aka amince da shi ka ce kada ya canza ko launi, sannan ka kira 811 aƙalla kwana biyu na aiki kafin a sake tona rami, su zo su sa alamar inda bututun gas da wayoyi suka bi.